Haɗaka, ina kasafinku?

Akwai wani dattijo da muke zama majalisa ɗaya da shi bayan Isha'i, a gefen teburin mai shayi can wajen Ƙofar Ƙaura. Tsohon ma'aikacin baitulmali ne, ya ƙare ƙuruciyarsa yana lissafin kuɗin gwamnati, kuma ba mai yawan magana ba ne. Ran nan gardama ta yi zafi tsakanin samari biyu, ɗaya ɗan a-mutun haɗakar 'yan adawa, ɗayan na gwamnati. Na haɗakar ya zayyano tsadar abinci, kuɗin mota zuwa Kano, bashin da ake ta ciwowa. Babu wanda ya musa masa, don duk a jikinmu muke ji. Sai dattijon ya ajiye kofinsa ya ce, "Ɗana, na ji abin da suka ɓata. To in aka ba mutanenka naira ɗari ta ƙasar nan gobe, nawa za su ba asibiti, nawa za su ba soja, nawa za su ba masu binmu bashi?" Yaron ya ce, "Baba, ai sai sun hau tukuna." Dattijon ya girgiza kai. "Kafin su hau nake son sani. In sun hau ai na makara."

Tambayar nan ta dattijo ita ce abin da a wasu ƙasashe ake amsawa a rubuce. Duk shekara idan gwamnati za ta kai kasafin kuɗinta majalisa, 'yan adawa su ma sukan fitar da nasu, wato kishiyar kasafi: ga kuɗin da muke ganin za a samu, ga inda za mu kashe, ga abin da za mu soke, ga bashin da za mu ci. Ba doka ba ce, babu sisin da za a kashe a kanta. Amfaninta shi ne tana tilasta wa mai neman mulki ya bar "za mu yi" ya dawo "da me za mu yi".

A ranar 2 ga Yuli 2025 aka ƙaddamar da haɗakar 'yan adawa a ƙarƙashin jam'iyyar ADC, a Cibiyar Shehu Musa 'Yar'adua da ke Abuja. A ranar David Mark ne shugaban riƙo, Rauf Aregbesola sakatare, ga Atiku Abubakar, Peter Obi, Nasir El-Rufa'i da Rotimi Amaechi duk a zaure ɗaya. A duba mutanen nan da kyau. Mark ya shugabanci Majalisar Dattawa shekara takwas, kasafin ƙasa ta hannunsa yake wucewa. Atiku ya yi mataimakin shugaban ƙasa shekara takwas, shi ne shugaban majalisar tattalin arziki ta ƙasa a lokacin. Obi, El-Rufa'i, Amaechi da Aregbesola kowannensu ya sa hannu a kasafin jiha shekara bayan shekara. Idan akwai taron da ba shi da uzurin cewa bai iya lissafin gwamnati ba, to wannan ne. Amma abin da ya fi yawa a bakin adawarmu tun 1999, ko wace jam'iyya ce ke wajen mulki, shi ne takardar manema labarai mai cewa kasafin gwamnati "na zalunci ne". APC ma haka ta yi kafin 2015. Abu mafi kusa da abin da nake nufi shi ne takardar da Atiku ya fitar a Nuwamba 2024, inda ya bayyana abin da da zai yi daban: cire tallafin mai daki-daki, sakin naira a hankali, da asusun dala biliyan 10 don ƙananan sana'o'i. Ya yi ƙoƙari da ya rubuta, amma wannan manufa ce. Kasafi kuwa sai ɓangaren shiga da ɓangaren fita sun haɗu a ƙasan shafi.

Duk mai son rubuta kishiyar kasafi, da wainar da ke cikin tanda zai fara. Kasafin 2025 da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a ƙarshen Fabrairu naira tiriliyan 54.99 ne. Adadi ne mai cika baki. Amma kasafin farko da marigayi Buhari ya sa wa hannu a 2016 tiriliyan 6.06 ne, a lokacin da aka lissafa dala a naira 197, wato wajen dala biliyan 30. Na 2025 an lissafa dala a naira 1,500, ya kama wajen dala biliyan 36 zuwa 37. A naira ya ninka sau tara, a dala ɗan taki kaɗan ya yi, ga jama'a sun ƙaru da miliyoyi. Idan ka raba shi kan mutum miliyan 220, kowa zai tashi da kimanin naira dubu 250 a shekara. Kuɗin ragon layya ɗaya ke nan, kuma a ciki ake son soja, titi, asibiti, jami'a da biyan bashi.

Daga cikin tiriliyan 54.99 ɗin, sama da tiriliyan 14 na biyan bashi ne. Naira ɗaya cikin kowace huɗu ta tafi tun kafin a sayi allo ko allura. A daftarin da aka kai majalisa a Disamba 2024, ilimi ya samu tiriliyan 3.52, lafiya 2.48. Ka haɗa su biyun, kuɗin bashi ya ninka su fiye da sau biyu. Albashi da gudanar da ofisoshi sun ɗauki sama da tiriliyan 13. Waɗannan kaya ne da duk wanda ya hau zai tarar a ɗaure. Bashin ƙasa ya haura tiriliyan 144 a ƙarshen 2024, kuma a ciki akwai tiriliyan 22.7 da gwamnatin Buhari ta ranta daga Babban Banki aka mayar da shi bashi na dogon zango a 2023. Ina faɗin wannan ne a matsayina na Bakatsine, don bai kamata mu riƙa magana kamar ramin nan jiya aka fara haƙa shi ba.

To ta ina mai adawa zai fara nuna bambancinsa? A ganina ta wajen hasashen kuɗin shiga, don nan ne ƙaryar kasafinmu take kwana. Na 2025 an gina shi kan cewa za a haƙo ganga miliyan 2.06 ta ɗanyen mai a kullum, a sayar da kowace ganga dala 75. Abin da aka haƙo a 2025 bai kai haka ba, ya yi ta yawo ne ƙasa da miliyan 1.8, farashi kuma daga watan Afrilun shekarar ya fi zama a cikin dala sittin da wani abu. Idan kuɗi ba su shigo ba, ba a fasa biyan bashi, ba a fasa albashi. Manyan ayyuka ake dannewa. Shi ya sa aka tsawaita aiwatar da manyan ayyukan kasafin 2024 zuwa Yunin 2025, aka sake tsawaitawa zuwa Disamba, 'yan kwangila kuma suka yi ta zanga-zanga a Abuja kan kuɗin aikin da suka gama. Saboda haka kasafin adawa na gaskiya zai iya fitowa ƙarami a kan na gwamnati. Wannan abu ne mai wuyar tallatawa a filin kamfe, amma da zan ga haɗaka ta ce "mu ganga miliyan 1.6 za mu lissafa, a dala 60, abin da ya ƙaru riba ce", da na san da gaske suke.

Sai maganar da kowa ke kewayewa, tallafin mai. A nan ne nake son in daɗe, domin a nan ne aka fi yaudarar talaka.

Tinubu, Atiku da Obi duka sun yi alkawarin cire tallafin a kamfen 2023. Kasafin 2023 da Buhari ya bari ma wata shida kawai ya tanadar wa tallafin, naira tiriliyan 3.36. Abin da ya bambanta shi ne yadda aka yi: kalma ɗaya a ranar rantsuwa, 29 ga Mayu 2023, babu shiri, sannan bayan mako biyu aka saki naira. Litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 a cikin kwanaki, ta wuce 1,000 a ƙarshen 2024. Mu nan mun san abin da ya biyo baya. Na ga mai Keke Napep a Ƙofar Guga yana kashe inji a gangara don ya tsira da ɗan mai. Na san malamin firamare da ya jingine babur ya koma tafiya a ƙasa daga Ƙofar Marusa zuwa makarantarsa. Mutanen nan in ka ce musu za ka dawo da mai naira 300, za su bi ka har rumfar zaɓe, kuma ba laifinsu ba ne.

Amma a yi lissafi. Alƙaluman hukumar kula da harkar mai sun riƙa nuna ƙasar na shan kimanin lita miliyan 50 a rana bayan cire tallafin. Rage naira 100 kacal a lita yana nufin naira biliyan 5 a kullum, tiriliyan 1.8 a shekara. Rage naira 500 ya haura tiriliyan 9, wato ya fi abin da aka ware wa ilimi da lafiya a haɗe. Kuma da zarar mai ya yi arha a nan fiye da Maraɗi, jarkoki za su koma hanya. Mutanen Jibiya, Mai'aduwa da Kwangwalam ba sa bukatar a ba su labari. Su ne aka hana wa gidajen mansu kaya tun Nuwamba 2019, lokacin da aka haramta kai mai duk inda bai wuce kilomita 20 daga iyaka ba, suka koma saye a hannun 'yan bumburutu da tsada alhali ana cewa ƙasa na biyan tallafi. Don haka haɗaka tana da hanyoyi uku: ta ce za ta dawo da tallafin ta nuna inda za ta samo tiriliyoyin, ko ta ce ba za ta dawo da shi ba ta nuna abin da za ta ba talaka a madadinsa, ko ta kawo tallafi na musamman ga masu sufuri da manoman rani ta faɗi yadda za ta hana shi zurarewa. Abin da ba zan karɓa ba shi ne a yi ta kuka da tsadar mai a Hausa a gidan rediyo, a je Legas a tabbatar wa masu zuba jari da Turanci cewa ba za a taɓa komai ba.

Amsar da aka saba bayarwa ita ce za a rage tsadar gudanar da gwamnati. Ina goyon baya ɗari bisa ɗari. Sabon jirgin shugaban ƙasa da aka saya a 2024, motocin alfarma na 'yan majalisa, gidan mataimakin shugaban ƙasa na naira biliyan 21, duk abubuwa ne masu ƙona rai a lokacin da ake cewa talaka ya ƙara haƙuri. Sai dai kasafin Majalisar Tarayya gaba ɗayansa a 2024 naira biliyan 344 ne. Ko rufe majalisar aka yi baki ɗaya, kuɗin ba zai rage naira 20 a lita ba na tsawon shekara. Inda naman yake shi ne cushe. Ƙungiyar BudgIT mai sa ido kan kasafi ta ƙirga ayyuka 11,122 na naira tiriliyan 6.93 da 'yan majalisa suka cusa a kasafin 2025: fitilun kan titi, rijiyoyin burtsatse, rabon kayan sana'a, da yawansu an liƙa su a ma'aikatun da ba su da alaƙa da aikin. Mun tuna abin da ya faru da Sanata Abdul Ningi a Maris 2024, da ya yi zargin cushen tiriliyan 3.7 a kasafin 2024 a hirarsa da BBC Hausa, aka dakatar da shi. Kafin shi Abdulmumin Jibrin ya sha irin wannan a 2016. Matsalar ita ce cushen nan ba ya tambayar katin jam'iyya. 'Yan majalisar adawa ma suna da rabonsu. Kishiyar kasafin da ta ce za ta soke shi tana cewa ne 'ya'yanta su saki nonon da suke sha, kuma a nan za a gane mai gaskiya.

Ban ce fitar da lissafi ba shi da haɗari ba. A Birtaniya, a Maris 1992, John Smith na jam'iyyar Leba ya fitar da kasafin adawa dalla-dalla, ya ce zai ƙara harajin masu babban albashi daga kashi 40 zuwa 50 don ya ƙara kuɗin fansho da tallafin yara. Jam'iyya mai mulki ta ɗauki takardar ta mayar da ita bulala, ta cika gari da allunan tsoratar da mutane kan haraji, Leba ta faɗi zaɓen watan Afrilu. Malesiya kuma ta nuna ɗaya gefen. Haɗakar adawar can ta shafe shekaru tana fitar da nata kasafin kafin na gwamnati, abin da ya sa jama'a suka fara kallonta a matsayin gwamnati mai jiran gado. A na Oktoba 2017, haɗakar, mai suna Pakatan Harapan, ta yi alkawarin soke harajin kaya da hidima na kashi 6 da gwamnatin Najib Razak ta kawo a 2015. Ta ci zaɓe a Mayu 2018, ta kawar da ƙawancen da ke mulki tun samun 'yanci a 1957, ta kuma cika alkawarin. Amma harajin yana kawo wajen ringit biliyan 44 a shekara, wanda aka maye gurbinsa da shi kuwa kusan rabin haka yake tarawa, aka kuma karɓi ƙarin ringit biliyan 30 daga kamfanin mai na Petronas don a mayar wa jama'a kuɗin harajin da gwamnati ta riƙe musu. Alkawarin soke kuɗin kan manyan tituna bai cika ba. Gwamnatin ba ta kai shekara biyu ba ta rushe a Fabrairu 2020, saboda rikicin cikin gida.

Wannan na ƙarshe shi ya fi kama da mu. Haɗakar da ƙin mutum ɗaya ya haɗa, rabon kujera kan raba ta. Atiku ya daɗe yana cewa a sayar da matatun mai na gwamnati. Obi kullum maganarsa a rage ci a koma samarwa. Amaechi shi ne ministan sufurin da ya ciwo bashin shimfiɗa layukan dogo, har da na Kano zuwa Maraɗi da ya ratsa jiharmu. Shin sun yarda da juna kan bashi? Kan rabon harajin VAT, wanda gwamnonin Arewa suka tayar da jijiyar wuya a kansa a ƙarshen 2024 kafin a sa hannu a sababbin dokokin haraji a Yuni 2025? Zama a rubuta kasafi ɗaya shi zai fito da saɓanin nan fili yanzu, tun ana iya sasantawa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Wasu za su ce doka ta hana, su kawo shari'ar Farfesa Pat Utomi, wanda Babbar Kotun Tarayya ta ce a Satumba 2025 gwamnatin sa-idon da ya kafa ta saɓa wa tsarin mulki. Waccan magana ce ta naɗa ministocin bayan fage. Sashe na 81 ya ba shugaban ƙasa ikon gabatar da kasafi a majalisa, bai hana jam'iyya mai rajista buga takarda ta ce ga yadda da za ta yi ba. Alƙaluman ma ba a ɓoye suke ba, Ofishin Kasafi da Ofishin Kula da Basussuka suna wallafa su. Dokar kula da kashe kuɗin gwamnati ta 2007, wadda marigayi Umaru Musa 'Yar'adua ya sa wa hannu, ta ɗora ma'auni: giɓin kasafi kada ya wuce kashi 3 cikin ɗari na arzikin da ƙasa ke samarwa a shekara, sai da dalili mai ƙarfi. Ga sikeli nan ɗan Katsina ya bari, kowa ya hau.

Idan takardar ta fito, ni shafuka uku zan fara buɗewa. Na farko tsaro. An ware masa tiriliyan 4.91 a daftarin 2025, ya fi kowane ɓangare, amma manomi a Batsari, Safana, Faskari ko Sabuwa ya san sau nawa ya biya kuɗi kafin a bar shi ya shiga gonarsa, kuma a watan Agusta 2025 aka kashe masallata suna sallar Asuba a Unguwar Mantau ta Malumfashi. Jihar Katsina da kuɗinta take ɗaukar nauyin dakarun tsaron al'umma da Gwamna Dikko Raɗɗa ya ƙaddamar a Oktoba 2023, aikin da asalinsa na tarayya ne. Ba ƙarin adadi nake nema ba. Ina son in ga 'yan sanda nawa za a ɗauka, nawa ne kuɗin man motar sintiri a kowane ofishin yanki, kuma wa zai binciki inda kuɗin makamai ke shiga.

Na biyu noma. A 2025 hatsi ya sauko, mai saye a birni ya ɗan numfasa, amma a kasuwannin Dandume da Bakori kukan manomi ɗaya ne: ya sayar da buhun masara bai isa ya sayi buhun taki ba. Buɗe ƙofar shigo da abinci ba haraji da aka yi a 2024 ya taimaki mai ci, ya daki mai nomawa. Wanne haɗaka za ta fifita, kuma da nawa? Najeriya ta sa hannu a Maputo a 2003 cewa za ta ba noma kashi 10 na kasafi, kamar yadda ta yi alkawarin kashi 15 ga lafiya a Abuja a 2001. Kashi 15 na kasafin 2025 ya haura tiriliyan 8. Duk wanda ya ce zai cika wannan, sai ya nuna mana aikin da zai yanke na tiriliyan biyar ko shida, ko titin gaɓar teku na Legas zuwa Kalaba ne, ko na Sakkwato zuwa Badagiri.

Na uku tsofaffin ayyuka. Madatsar Zoɓe tun farkon shekarun 1980 take, har yau noman ranin da aka yi mata buri bai kai inda ake so ba. Injinan iskar Lambar Rimi masu megawat 10 sun kwashe fiye da shekara goma ana jiran su. Titin Kano zuwa Katsina kowa ya san shekarun da ya ci. Kasafin da zai ce "ba sabon aiki sai an gama waɗannan, ga jerinsu, ga kuɗinsu, ga shekarar gamawa" ya fi mini alkawarin sabuwar jami'a.

Kuma kada a tsaya a Abuja. Tun da aka cire tallafi, kason jihohi da ƙananan hukumomi daga asusun tarayya ya ƙaru sosai, Kotun Ƙoli kuma ta ce a Yuli 2024 a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Muna da 34 a jihar nan. 'Yan haɗakar Katsina su ma suna iya zama su rubuta nasu kasafin jihar, su faɗi abin da za su yi wa asibitin ƙauye da makarantar da yara ke zaune a ƙasa.

Bisa al'ada, a ƙarshen kowace shekara ake kai kasafi majalisa. Abin da nake roƙo ba shi da tsada: takarda mai shafi talatin ko arba'in, a fitar da ita a makon da shugaban ƙasa zai je majalisa, a fassara ta da Hausa a karanta a rediyo. Sannan 'yan majalisar da ke tare da haɗaka su ɗauki abu uku ko huɗu daga ciki su gabatar a zaure a matsayin gyara, su nemi a ƙirga ƙuri'a da suna maimakon "masu goyon baya su ce e". Za a kayar da su, don ba su da rinjaye. Amma Katsina na da sanatoci uku da 'yan majalisar wakilai 15, kuma a ranar za mu ga da sunan kowannensu ko ya zaɓi a cire kuɗin fitilun titi a mayar wa taki da asibiti, ko ya zaɓi a bar su yadda suke.